Rafin da ba a ce masa "ka san ko ni wane ne?"

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Ina gaida Kawu da Baffa da iyayenmu mata, da duk wanda ya bugo yana tambayar hoton nan da ya zaga wayoyi, wanda aka gan ni tsaye cikin ruwa da wandon roba har ƙirji. Ban bar aikin kula da tsofaffi na koma sana'ar su ba. Amma ɗayan abin da kuka ji gaskiya ne: kifin da ke hannuna a hoton, sai da na biya kuɗi aka bar ni na kama shi, kuma da na kama sakinsa na yi. Da Kawu ya ji haka a waya shiru ya yi, can ya ce, "Ɗan nan, Allah ya sa maka abinci a hannu ka mayar?" Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri, maganar ta fi ƙarfin waya, zan rubuto." To ga ta.

Sunan kifin tirawut. Ya fi zama a ruwa mai sanyi, mai gudu kan tsakuwa, wanda kana tsaye kana ganin ƙasansa. Jikinsa ruwan zuma ne da ɗigo-ɗigon ja da baƙi, kuma a ƙananan rafuka wanda ya wuce taƙi ɗaya da rabi ya zama abin labari. Masu irin wannan fatsar ba sa soka tana ko ƙullin dusa. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kamar ƙwaron da ke faɗowa ruwa. Babu dalma a jiki. Igiyar ce da kanta mai nauyi, sai ka riƙa kaɗa ta gaba da baya a iska har ta miƙe, ta sauke ƙwaron bogin a hankali gaban bakin kifin. Maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma, a nan na ga zahirinta. Inuwarka ta faɗa kan ruwa, ko ka taka tsakuwa da ƙarfi, shi ke nan, ka tashi daga wurin.

Ɗan masunta ba ya wuce ruwa bai leƙa ba. Kogin Don ya ratsa tsakiyar birnin Sheffield na nan Ingila, ina tsallaka shi in zan tafi aiki, a nan na fara ganin masu wannan kaɗe-kaɗen igiya. Na sayi sanda ta hannu a kasuwar gwanjon da suke ci a bayan motoci ranar Lahadi, na koya a filin ciyawa. Wannan ba shi ne labarin ba.

Labarin ya faru wata Asabar a ƙarshen watan Mayu, a wani ɗan rafi cikin tsaunukan da ke yamma da gari. Lokacin ne wani ƙwaro da suke ce wa mefulai yake fita. Yakan yi wajen shekara biyu a cikin taɓon ƙasan rafi, sannan ya taso ya yi fiffike ya rayu kwana ɗaya ko biyu, kuma fitarsa kamar fitar shinge ce bayan ruwan farko, ko'ina ka duba suna tashi, kifi na ta fasa ruwa yana cafka. Ina cikin wannan sai na ji motsi a bayana. Wani tsoho ne da sandar dogarawa da hular ulu, ya kai shekara saba'in da ɗoriya, yana saukowa gangaren a hankali. Gabana ya faɗi, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san dalili. Baƙin mutum shi kaɗai a ƙauyen Turawa ya saba da irin kallon da ake masa, ya saba da tambayar "ɓata ka yi?" Na riga na shirya zuciyata ga wulaƙanci.

Ya gaishe ni, ya nuna mini katinsa na mai tsaron ruwan ƙungiyar da ke hayar rafin, ya ce in nuna masa takarduna. Takardu biyu ne, kuma a nan baƙo yake shan mamaki. Ta farko lasisin sanda ne na hukumar kula da muhalli ta Ingila: duk wanda ya kai shekara 13 sai da shi, ko da yake yara 'yan 13 zuwa 16 kyauta ake ba su. Na shekara fam talatin da 'yan kai ne, wato ladan aikin awa uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Wanda aka kama ba shi da shi, tarar tana iya kai fam 2,500. Amma wannan lasisin bai ba ka ko taku ɗaya na bakin ruwa ba. Sai ka sake neman ta biyu, izinin mai wurin, ko manomi ko ƙungiya. Nawa na yini ɗaya ne, na saya ta intanet daren Juma'a. Ya duba duka biyun a wayata. Sannan ya ce in miƙo ƙugiyar. Ya ɗora ta a kan farcensa, ya soka ta a bakin hannun rigarsa ya zare, don ya ga ko na danne ƙayar nan da ke hana ta fita daga bakin kifi. Ta fita sumul. Ya ce na gode, Allah ya ba da sa'a irin tasu, ya wuce gaba.

Can sama da ni kaɗan akwai wani mutum da ya iso da wata ƙatuwar mota ya ajiye ta a bakin ƙofar gona. Kayan jikinsa kaɗai sun fi albashina na wata. Sandarsa ce irin wadda nake gani a bayan gilashi a shago. Tsohon ya tsaya a kansa ya yi masa tambayar da ya yi mini, da murya iri ɗaya. Lasisin gwamnati yana da shi. Izinin rafin ne babu. Tsohon ya nuna jakar da ke rataye a ƙugunsa ya ce ya buɗe. Kifi uku ne a ciki, matattu, a wurin da dokar ƙungiya ta ce duk kifin da ya haifu a rafin a mayar da shi.

Ruwa na ɗauko magana, duk abin da suka faɗa a kunnena. Mutumin ya fara da dariya, ya ce ai shi abokin shugaban ƙungiyar ne, tare suke cin abinci, shi ya ce masa ya zo duk ranar da ya so. Na ce a raina to an zo wurin, yanzu tsoho zai sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Tsohon ya ciro ɗan littafi daga aljihu, ya ce, "Madalla. In kun haɗu ka gaya masa ni na sallame ka, ya san ni. Yanzu dai ka naɗe igiyarka." Mutumin ya ɗaga murya, ya ciro kuɗi ya ce zai biya na yinin nan take, har da ƙari. Tsohon bai ko kalli kuɗin ba. Ya ce ba a sayar da izini bayan an kashe kifi, kuma kamun kifi a ruwan wani ba da yardarsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar sata ta 1968, in yana so a kira 'yan sanda su yi masa bayani, ga waya. Ya taka har bakin ƙofa ya rubuta lambar motar. Ina tsaye da sandata ta gwanjo da wandon roba mai faci, mai babbar mota ya kwashe kayansa, fuska ja wur, ya bar rafin. Ni aka bari.

Wallahi jikina har rawa yake. Shekaruna nawa a duniya, ban taɓa ganin an yi wa mai kuɗi haka a gaban talaka saboda kifi uku ba.

Tsohon ya dawo ya zauna kan wani dutse kusa da ni yana haki, ya zuba shayi a murfin filas ya miƙo mini. Na tambaye shi nawa ake biyansa. Ya ce ko kwabo. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne da ya yi ritaya, ɗan ƙungiya kamar kowa, shi ma yana biyan kuɗinsa na shekara. Na ce to me ya sa yake jawo wa kansa faɗa da manya? Maimakon ya amsa, sai ya sa hannu cikin ruwa ya ɗago wani dutse ya juya shi. Ƙarƙashinsa cike da 'yan halittu: wasu shafaffu masu jela uku suna gudu, wasu sun gina wa kansu ɗan bututu da yashi da tsinke sun shige. Ya riƙa nuna mini da ɗan yatsa yana faɗin sunayensu. Ya ce duk wata shi da wasu sukan zo da ɗan raga, su yi minti uku suna tuƙa tsakuwa da ƙafa, su juye abin da ya shiga a farin faranti su ƙirga, su aika lissafin. Ranar da adadin ya faɗi warwas, sun san wani ya zubo wani abu daga sama, sai a kira hukuma tun kafin kifi ya fara juya ciki. Ya mayar da dutsen daidai yadda ya same shi. Kafin ya tashi ya buɗe akwatinsa ya ciro ƙwari biyu da ya ɗaura da hannunsa ya ba ni, ya ce wanda nake amfani da shi ya yi fari da yawa.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba kifin Ingila nake tunani ba. Gurbinmu nake tunani. Mu fa ba baƙin wannan tsarin ba ne. Kafin a haifi wannan tsohon muna da Sarkin Ruwa. Ina yaro, in ruwa ya ja baya aka ce an rufe gurbi, an rufe ke nan. Ko ɗan Bulama bai isa ya jiƙa homa a ciki ba sai ranar da aka buɗe, aka shiga gaba ɗaya da gora, gari ya ci, maƙwabta suka ci, aka yi banda aka kai Haɗeja. Wanda ya saci jiki da dare, kayansa ake karɓewa, kuma kunyar da zai sha ta fi asarar. Yau sarautar tana nan, rawanin yana nan, amma wa yake jin maganarsa?

Mu faɗa wa juna gaskiya. Gidan sauron da aka raba wa matanmu masu ciki, nawa ne a kan gado, nawa ne a cikin ruwa? Muna tace gulbi da shi, mu kwaso 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa da ba su kai ɗan yatsa ba, mu shanya a tabarma mu sayar da kwano. Kifin baɗi ne da na baɗin waccan muke aunawa a kwano. Wanda yake zuba maganin ƙwarin nan gamalin a ruwa cikin dare, a tashi da safe a ga komai ya taso fari fat har da kwaɗi, ba aljani ba ne, mun san gidansu, kuma ruwan nan shanunmu ke sha, yaranmu ke wanka. Mai kuɗi ya zo ya datse mashigar ruwa kaf da dumba, ya jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan, na ƙasa da shi su wuni ba su ga ko kawara ba. In aka kai ƙara, ƙarshenta sananne ne: a yi haƙuri, ɗan wane ne, surukin wane ne, mutumin kansila ne. A kawo goro, magana ta mutu. Dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana guba da nakiya da lantarki, daidai da yadda tasu ta 1975 ta hana a nan. Takarda muna da ita. Abin da muka rasa shi ne tsohon da zai ƙi kallon kuɗi. Kuma mu ne muke karanta ayar da ta ce kada a yi ɓarna a bayan ƙasa bayan an gyara ta, su ba sa karantawa.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha bayar da ita. Za a ce tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da lokacinsa ya koma da lokacinsa. Ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya samu gida a cikinta. Ruwan majemun Kano yana gangarowa. Duk gaskiya ne, kuma ba laifin masunci ba ne. Amma kogin Don ɗin nan da nake tsallakawa, tsofaffin da nake kula da su suna ba ni labarin lokacin da yake canza launi saboda dattin masana'antun ƙarfe da na kwal, ana lissafa shi cikin koguna mafi ƙazanta a Turai, babu mai rai a cikinsa. Yau a tsakiyar gari, ƙarƙashin gada, gefen tsofaffin masana'antu, ana kama tirawut haifaffen wurin. An yi wa kifi matakala a jikin madatsun ruwa don ya iya haurawa, har kifin salmon da ya ɓace wajen shekara ɗari biyu ya fara dawowa. Kogin da ya mutu murus ya tashi. Namu bai mutu ba tukuna, jinya yake, mu kuma muna ƙara masa.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Abin da ya fi ci mini rai a ƙasar nan shi ne kowane taku na bakin ruwa yana da mai shi. Waya, shinge, allo: ba a shiga, na ƙungiya ne, na wane ne. Ka ga ruwan Allah yana gudu, ba ka da ikon jefa ƙugiya. A kudu akwai koguna biyu, Test da Itchen, masu fitowa daga ƙarƙashin dutsen alli, inda yini ɗaya a lokacin mefulai yake cin fam ɗari uku, ɗari huɗu, har sama. Ku lissafa da fam ɗaya a wajen naira dubu biyu, a canjin 2025. Wannan ruwan ni da irina sai dai mu tsaya kan gada mu leƙa. A gida ko almajiri ya samu zare da ƙugiya ya sami miya, kuma wannan alheri ne da ba na so mu rasa. Sannan su ma suna da tasu ɓarnar, ta manya: kamfanonin ruwa suna sako ruwan masai cikin koguna in an yi ruwan sama, kuma lissafin hukumarsu ya nuna a 2023 kaɗai an yi sama da awa miliyan uku da rabi ana wannan zubarwa a Ingila. Bambancin shi ne an ƙirga, an buga, masu fatsa suna ta ihu a jaridu suna kai ƙara kotu. Ba a ce a yi haƙuri ba.

Masu tambaya ko ba kuɗin da ya kamata in aiko nake zubarwa a ruwa ba, ku kwantar da hankali. Talaka yana da hanyarsa. Wani ɓangare mai yawa na Don a cikin gari ba a biyan izini, lasisi kawai. Ƙananan ƙungiyoyi na ma'aikata kuɗinsu na shekara bai kai na yini ɗaya a Test ba. Motar bas a yawancin Ingila an ƙayyade mata fam uku tafiya ɗaya tun Janairun 2025, da can ma fam biyu ce. Abincina a jaka nake tafiya da shi, don ɗan burodi da shayi a ƙauyukan masu yawon buɗe ido ya isa ya cinye ladan awa guda. Wandon roban na hannu ne, in ya huje in bi shi da gam. Abin da ke cin kuɗi a hankali shi ne ƙwarin bogin, kowane ɗaya fam ɗaya da wani abu, kuma bishiyoyin bakin rafi ba sa ƙoshi da su. Don haka na koyi ɗaurawa. Akwai wani shahararre da wani mai tsaron kogin Avon, Frank Sawyer, ya ƙirƙiro, ba komai a jikinsa sai gashin jelar wani tsuntsun daji da siririyar wayar tagulla. Tawa wayar daga cikin tsohuwar caja na zaro ta, kuma kifi bai ƙi ba.

A wurin sayen kayan ɗaurin ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. 'Yar leda ce da ba ta kai tafin hannu ba, an like ta, an buga mata farashin fam uku. Na ɗaga na duba: gashin zabo ne. Zabo dai namu, mai ɗigon fari, wanda Inna take figewa ranar sallah yara su share a zubar a juji. An wanke, an ware manya da ƙanana, wasu an rina su shuɗi da ja. Gashin zabuwa ɗaya zai cika irin ledar nan da yawa. Na tsaya riƙe da ita ina tuna garken zabin da ke kwana kan tsamiyar bayan gidanmu, sai da mai shagon ya tambaye ni ko lafiya. Na saya, don ba ni da yadda zan yi. Mutanen nan ba su fi mu kaya ba; abin da ya shigo hannunsu ne ba sa barinsa ya faɗi ƙasa.

Sauran abubuwan haushi kuwa ba sa ƙirguwa. Karnuka na gaba. Hanyar ƙafa takan bi bakin rafi, kowa da karensa a sake. Ka yi alwala, ka shimfiɗa 'yar dardumarka a bayan shinge, sai ga ƙaton kare jiƙe sharkaf ya taho yana shinshinar ka yana lasar hannun riga, uwargijiyarsa na murmushi daga nesa tana cewa ba ya cizo, wasa yake so. Ka rasa ta inda za ka fara yi mata bayani. Wani kuma ya jefa wa karensa sanda daidai ramin da ka yi rabin awa kana lallaɓawa. Ranar Lahadi motocin ƙauye sai ka yi ta jira, in ta ƙarshe ta wuce ka, kuɗin tasi zai rusa maka lissafin wata. Ga sanyin ruwan da ke ratsa roba ya kama gwiwa ko a watan Yuni. Ga shiru. Mutum biyu su wuni a rafi ɗaya, abin da zai haɗa su bai wuce ɗaga kai da "ya ake ciki?" ba. Babu mai tambayar iyalinka, babu waƙa, babu tsokana tsakanin jirgi da jirgi. Wani lokaci ina tsaye a ruwa sai kunnena ya riƙa jiyo mini bugun gora da hayaniyar ranar su, da muryar matan da ke jira a gaɓa da kwanduna.

Maganar saki kuwa, Kawu, ba zan ɓoye maka ba, har yau ba ta gama kwanta mini ba. Wanda ya tashi a gidan da in ba a kama ba ba a ɗora tukunya, hannunsa ba ya buɗewa da sauƙi. Amma na ga dalilinsu da idona. Rafin da faɗinsa bai wuce tsalle uku ba, mutum ɗari ke zuwa masa a shekara. In kowa ya ɗauki biyu, kaka ɗaya ta isa. Don haka ake danne ƙayar ƙugiya, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin, a zare ta yana cikin ruwa, a riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya murmure ya fizge. In zafi ya yi yawa ruwan ya doshi digiri 20, ƙungiyoyi da dama sukan ce kowa ya ajiye sanda, don kifin ba ya jurewa. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Maris a yankinmu an rufe gaba ɗaya, lokacin ne yake tona tsakuwa ya zuba ƙwai. Inda aka yarda a ɗauka, kuma ya kai girman da aka ƙayyade, nakan ɗauki ɗaya in kai gida. Na soya shi da yaji da albasa, ba laifi, amma namansa lami ne, bai kama ƙafar tarwaɗar banda a miyar kuka ba, balle bargi. A shagon 'yan Afirka ana samun karfasa daskararriya da ta yi wata da watanni a kwali. Ranar da na dafa ta, kewar gida ce take ƙaruwa.

Ban ce mu koma kama kifi muna saki ba. Mu abinci muke nema, su nishaɗi. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma daga gidanmu zan fara, don kada a ce mai wa'azi daga nesa. Na aika kuɗi ta hannun Yaya. A sayi kalli mai idon da yatsa uku za su shiga, a ba yaran gidanmu da na gidan Baffa, a karɓe gidajen sauron da suke ja da su. Kawu, kai ne babba kuma ana jin nauyinka: kafin ruwa ya ja baya bana, ka ɗauki dattawa biyu ku je wurin Sarkin Ruwa da Bulama, a zaɓi gurbi ɗaya tak a rufe shi har bazara, a faɗa a masallacin Juma'a, a faɗa a kasuwa. A sa samari huɗu su riƙa zagayawa da dare, kuɗin batir da na shayinsu yana wuyana har a buɗe. Kuma a yi yarjejeniya tun yanzu a gaban kowa cewa wanda aka fara kamawa, ko ɗan gidanmu ne, za a karɓe kayansa, kuma babu wanda zai je bayar da haƙuri a madadinsa.